Sunan Larai a Kasuwar Zuba

Duk wanda ya taɓa sauke lemo ko kankana a kasuwar Zuba ya san rumfar Larai. Tana can bayan layin masu abarba, inda manyan motoci ke juyawa, da bencinta uku da tukwanenta huɗu. Shekara ashirin da biyu tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe a wurin, da safe kuma koko da ƙosai. Direbobin da suka taso daga Binuwai ba sa tambayar ko akwai. Zama kawai suke yi, su miƙo hannu a zuba musu ruwa. To, mai sayar da abinci ba ta da jarin da ya wuce sunanta. Ranar da aka ji tsoron abin da ke cikin tukunyarki, ko da zuma kika yi miyar kin gama yawo.

Larai ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi goyo. Yayarta ce ta rasu ta bar mata yarinya 'yar shekara huɗu, Hafsah. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa wa yarinyar, bakin Larai bai iya kama shi ba, sai dai ta ce Uwata. Da muciya da ludayi ta kai ta har jami'a. Yarinya ta samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, ta auri abokin aikinta Musaddiq, suka zauna a Kubwa. Yaro ne mai kunya. In zai gaida Larai sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa, yana Inna kaza, Inna kaza.

Ciwon Hafsah ya faro kamar wasa, bayan Babbar Sallah da mako biyu. Zazzaɓi da ciwon kai, aka sha maganin cizon sauro, aka ce zai wuce. Sai barci ya ƙaurace mata. Sai surutu. Yau ta ce mai karanta labarai a talabijin da ita yake, gobe ta ce matar maƙwabci ta laɓe a cikin silin. Bakinta ya riƙa motsi shi kaɗai kamar mai tauna goro. Hajiya, mahaifiyar Musaddiq, ta zo daga Zariya, ta dube ta sau ɗaya ta ce wannan ba na asibiti ba ne, a nemo malami.

Larai ta rufe rumfa ta tare a Kubwa. Ita ke wanka, ita ke wanki, ita ke dama kunun gyaɗa tana ba ta a baki cokali-cokali, don shi kaɗai ke wucewa.

Ranar wata Laraba bayan La'asar malamin ya zo yin ruƙiyya karo na uku. Larai ce ta danne ƙafafun, Musaddiq ya riƙe hannaye. Malam ya yi ta karatu a kunnenta, tana fizge-fizge, can ya daka tsawa.

"Kai! Wa ya turo ka jikin baiwar Allah?"

Hafsah ta juyo da ido, jajaye, ta kafe su a kan Larai. Muryarta ta dishe saboda ihun kwana da kwanaki.

"Ita ce. Ita ta zuba min a kunu. Na gan ta da idona."

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Abin da bakin mara lafiya ya furta a irin wannan lokaci ba a ɗaukarsa maganarsa. Cewa ake yi aljanin da ke jikinsa ne ya sha wuya ya tona asiri. Ta ambaci talabijin, ta ambaci matar maƙwabci, ba wanda ya riƙe. Amma wannan da ta faɗa a gaban malami, ana tsakiyar karatu, shi ne ya zama shaida.

Hajiya ta miƙe, ta ɗauki kwanon kunun da ke kan tebur, ta fita ta sheƙar da shi a kwata. Larai ta dubi Musaddiq, tana jira ya ce wani abu, ko da "haba" ce. Bai ɗago kai ba. Ta saki ƙafafun 'yarta, ta yafa mayafi. Tana fita ta ji an datse ƙofa har da sakata.

Da a nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. Amma washegari da hantsi, benci uku cike da mutane, sai ga motar Musaddiq. Ko sallama bai yi ba.

"Larai!"

Ita ba ta ma gane da ita ake ba, don bai taɓa kama sunanta ba.

"Ki karya abin da kika yi wa matata! Kin raine ta don ki cinye ta? Jama'a, ku dubi abin da kuke ci. A kunu ta zuba mata, bakin aljanin ne ya faɗa, a gaban malami!"

Wani ɗan dako da ya kai loma bakinsa ya mayar da ita kwano a hankali. Yamusa, shugaban masu lemo, wanda ya shekara ashirin yana karyawa a wannan benci, shi ya ja Musaddiq gefe ya lallashe shi ya shiga mota. Amma da ya dawo bai ƙarasa kokonsa ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin Azahar ta kai layin masu ayaba, kafin Magariba ta hau mota ta tafi Gwagwalada. Mai tuƙa mudu takwas ta koma biyu, biyun ma sai ta juye wa masu kiwon kaji. Baƙin direbobi kan zauna, sai wani ya zo ya raɗa musu, su tashi suna cewa sun tuna suna azumi. Matan da suke adashi tare in sun hango ta sai su janye 'ya'yansu. Yamusa yana gaishe ta, amma daga nesa, da ɗaga hannu.

Ba rashin cinikin ne ya fi ƙona ta ba. In ta zauna tana kallon wuta sai ta tuna daren farko da yarinyar ta kwana a bayanta tana kiran uwar da ba za ta amsa ba. Wai ita, Larai, ita ce za ta zuba. Kuma ba ta san ko yarinyar na raye ba. Ta kira wayar Musaddiq har ta gaji, an toshe ta.

Wata huɗu cur. Ranar wata Lahadi tana kankare tukunya wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Inna?"

Tukunyar ta suɓuce.

"Inna, ni ce. An canza min waya, sai yau lambarki ta dawo min a kai. Haka ake yi? Na kusa mutuwa, ke kina ƙauye wai kina gyaran ɗaki?"

Muryar a sanyaye take, tana jan kalmomi, amma ta Hafsah ce, tata ta asali. Larai ta buɗe baki ba abin da ya fito sai "Uwata".

"Jibi Talata ina da ƙarin ruwa a asibiti. In kin dawo ki zo. In kuma ɗakin bai gama gyaruwa ba, shi ke nan."

Talata tun da sassafe Larai ta hau motar cikin gari. Babban asibiti ne, hawa kan hawa. Wata nas mai suna Juliet ta gan ta tana dube-dube, ta tambaye ta wa take nema, da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba.

"Ah, Mama! Kai ne Inna? Wannan yarinya ya dame mu da Inna, Inna. Zo, oga mijin yana can."

Musaddiq na zaune a baranda yana latsa waya. Da ya ɗago ya gan ta sai da wayar ta kusa faɗuwa. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Ya zame daga kan kujera, gwiwa har ƙasa, kamar da.

"Inna, ina kwana."

Larai ta dubi Juliet ta ce, "'Yar nan, likitan nake so in fara gani."

Likitar mace ce, Dakta Saudatu, 'yar siririya mai tabarau, Bakatsiniya. Ta ba Larai kujera, ta yi mata bayani da Hausa tsantsa, ba ta gaggawa. Ta ce bayan tafiyar Larai da kwana tara Hafsah ta fara farfaɗiya, numfashi na sarƙewa, dole aka kawo ta. Suka ɗebi ruwan ƙashin bayanta suka aika gwaji ƙasar waje.

"Mama, kin san Allah ya sa wa kowane jiki masu gadi, su ke yaƙar cuta in ta shigo. To nata masu gadin ne suka ruɗe, suka juya suna dukan ƙwaƙwalwarta, har ta kumbura. Shi ya kawo surutun da tsoron da farfaɗiyar. Ba mu jira sakamako ba, muka fara yi mata allurai masu ƙarfi na kwana biyar don su lafa. Sannan muka ƙara mata wani ruwa da ake tacewa daga jinin dubban masu lafiya, ya shiga ya danne masu ɓarnar. Da muka ga da saura, muka koma wannan na yau, mai rage masu ƙera su tun daga tushe. Za ta riƙa zuwa ana sa mata duk bayan wata shida, zuwa wani lokaci. Sauƙin a hankali yake zuwa, amma yana zuwa."

Larai ta gyara zama. Tambaya ɗaya ta kawo ta.

"Likita, don girman Allah. Wannan ciwon ana zuba shi a abinci?"

Dakta Saudatu ta cire tabarau ta dube ta da kyau.

"Ba a zuba shi a komai, Mama. Ba hannun kowa. Masu wannan ciwo sukan zargi na kusa da su, wanda ya fi ba su abinci shi ya fi shan zargi. Ni kaina ta ce na sace mata jariri, ita da ba ta taɓa haihuwa ba. Kuma ba ta tuna ko ɗaya, watannin nan sun goge mata. Na yi wa mijinta da mahaifiyarsa wannan bayanin tun wata uku da suka wuce."

Wata uku. Larai ta yi godiya ta fito tana nanata shi a zuci. Wata uku tana juye tuwo wa kaji, shi kuwa ya sani.

Yana nan inda ta bar shi.

"Inna, ki yafe min. Wallahi ruɗewa ce. Na so in zo, kunya ta hana ni."

"Ranar da ka zo kunyar tana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ba na son komai naka," in ji ta. "Ƙafar da ta kai maganar nan Zuba ita za ta je ta ɗauko ta. Ka tsaya inda ka tsaya, da irin muryar da ka yi, ka ce ciwo ne, ba ni ba ce. Shi ke nan, na yafe."

"Inna, ki duba. In na je na tsaya a kasuwa, na ƙaryata Hajiya ke nan, na ƙaryata malam. Kuma a ofis cewa muka yi taifot ne ya yi tsanani. In aka ji ƙwaƙwalwa ce, kin san mutane, mahaukaciya za su ce har ta mutu. A bari ƙura ta lafa. Ni zan kama miki wata rumfar a kasuwar Dei-Dei, in zuba miki kaya."

"Sunana za ka saya min a Dei-Dei?"

"Kuma don Allah kar ki gaya mata. Ce mata muka yi kin je gida."

Larai ta dube shi tun daga hula har takalmi. Yaron da take ware wa tantaƙwashi a miya. Ta wuce shi ta tura ƙofa.

Hafsah na kishingiɗe, roba a hannu, ruwa na ɗiga a hankali. Fuskarta ta yi fam saboda allurai, wuya kuwa ya zama kamar na tulu. Da ta ga Larai sai ta juya fuska bango, irin fushin da take yi tun tana 'yar firamare.

"Ni ba na magana da ke."

Larai ta zauna a bakin gado ta kama tafin ƙafarta tana matsawa. Ta daɗe tana auna abin a ranta. Ta ɗauki sharrin maita wata huɗu. Yanzu kuma a ɗora mata na uwar da ta gudu ta bar 'yarta a bakin mutuwa? Wannan kam ba za ta ɗauka ba.

"Uwata, ban je ƙauye ba. Ina Zuba. Korata aka yi."

Ta faɗa mata duka, a hankali, ba ƙari. Da ta zo kan abin da bakin Hafsah ya furta sai ta riƙe hannunta gam ta ce, "Ba ke ba ce, likita ta gaya min, ciwo ne." Hafsah ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta dubi mijinta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Kullum ina tambayarka. Kullum kana ce min ba ta da sabis a ƙauye."

"Don lafiyarki na yi."

"Asabar za mu je Zuba, ni da kai."

Ya ce to. Har sau biyu ya ce to.

Asabar Larai ta share rumfa tun da asuba, ta wanke benci ukun. Ta je da kanta ta gaya wa Yamusa cewa za a zo da magana, ya tara mata dattawan layi. Ƙarfe goma suka hallara, su wajen goma sha biyar, ga 'yan kallo a baya. Sha ɗaya ta wuce. Can sai ga tasi ta tsaya, Hafsah ta fito ita kaɗai, da takunkumi a fuska, tana dafa motocin da ke gefe. Likita ta hana ta shiga cunkoso, don maganin ya rage mata ƙarfin yaƙar cuta, ga ta a tsakiyar Zuba ranar Asabar.

"Ina shi?" in ji Larai.

"Wai an kira su taro."

Ta tsaya a gaban dattawa ta sauke takunkumin. Maganar na fita da ƙyar, tana tsayawa tana laluben kalma. Ta ce ita ce Hafsah, wasunsu sun goya ta. Ta ce ciwo ta yi a ƙwaƙwalwa, ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ta ɗaga takardar asibiti. Abin da mijinta ke ɓoye wa ofis, ita ta faɗe shi a gaban 'yan dako.

"Innata ba ta zuba min komai ba. Wallahi tallahi."

Wani mai kankana daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To ai bakin ɗaya ne. Jiya ya ce ita ce, yau ya ce ba ita ba ce. Wanne za mu kama?"

"Wa ya sani ko an sake juya ta ne," in ji wata.

Yamusa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya karɓi takardar, ya juya ta, Turanci ne, ya mayar.

"'Yata, mun ji, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ba ke kika kawo mana magana ba. Namiji ne ya zo da hankalinsa, ya ce a gaban malami aka yi. In ya janye, mu ma mun janye. Kira shi, ko a waya ne, mu ji muryarsa."

Hafsah ta kira, ta buɗe sauti kowa na ji. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. A karo na uku aka ce a kashe take.

Dattawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce motarsa ta iso, wancan ya ce zai duba yara. Yamusa ne na ƙarshe. Ya tsaya kamar zai zauna a benci, ya dubi tukunyar da ke tururi, ya ce, "Sai haƙuri, Larai," ya juya.

"Yamusa."

Ya waiwayo. Ta kwance makullin rumfa daga bakin zaninta ta miƙa masa.

"A ba wani. Ina da ɗan ɗaki a Kwali, gobe mota za ta zo ta kwashe tukwanen."

"Haba, ba a kai nan ba."

"An kai tun wata huɗu. Ni ce ban ji ba."

Hafsah ta zube a kan benci, sai yanzu kukan ya zo. Larai ta mayar mata da takunkumin da hannunta, ta gyara mata igiyar a bayan kunne, ta tsaya tsakaninta da rana.

"Inna, ki zo mu tafi gida. Ɗakinki na nan. Wallahi sai ya durƙusa miki."

"Ya iya durƙuso, na gani. Ba zan taka gidan nan ba, Uwata. Ke ki koma, ki sha maganinki a kan lokaci, kar ki biye wa ɓacin rai ciwo ya dawo. Tsakaninki da mijinki ku kuka sani."

"To ina zan riƙa ganinki?"

Larai ta ɗaga wa mai tasi hannu, ta kama ta ta tashe ta, ta rungumo kafaɗarta suka ratsa tsakanin tulin lemo, mutane na matsawa suna ba su hanya fiye da yadda ake buƙata.

"Yaushe ne ƙarin ruwan na gaba?"

"Sai bayan wata shida."

"Ki kira ni ana jibi. Zan zo in zauna da ke har robar ta ƙare. Kwali ma ba bayan duniya ba ce, in kin yi ƙarfi."

Ta sa ta a mota, ta ce wa direban ya bi a hankali, mara lafiya ce. Ta tsaya har motar ta hau titin Kubwa. Sannan ta koma rumfa ta janye itacen daga murhu, ta yayyafa masa ruwa.